Babi na Bakwai: Abin da Ke Yanke wa Injin V8 Iyakar Juyi

Idan mai haɗa injin tsere a Amurka ya ce yana son V8 ɗinsa ya kai juyi 8,000 a minti, hankalin masu sauraro kan tafi ga ƙasan inji, wato karanshaf da fistan da sandunan da ke haɗa su. Lallai waɗannan suna shan wuya, amma a yau mai kuɗi yana iya sayen waɗanda za su jure ba tare da dogon tunani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne can sama, a kan silinda, wurin bawul goma sha shida da ƙananan ƙarafan da ke buɗe su. A inji mai bugu huɗu, sai karanshaf ya juya sau biyu kamshaf ke juyawa sau ɗaya, don haka a juyi 8,000 kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 4,000 a minti, kusan sau 67 ke nan a daƙiƙa guda. Kowace buɗewa ba ta cika kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma cikin wannan ɗan lokacin ake so bawul ya bar mazauninsa, ya yi tafiyar milimita 15 ko fiye, ya tsaya, ya juyo, ya zauna daidai inda ya taso. Ra'ayina shi ne, yawancin masu haɗa irin wannan inji a juye suke sayen kaya: su fara da kamshaf mafi tsaurin tozo, in bawul ya ƙi bin sa su danne shi da sifirin mai ƙarfi. Abin da ya dace shi ne a fara da sauke wa bawul nauyi, a ƙara wa abin da ke tura shi tauri, a nemo tozon da waɗannan za su iya bi, sifirin kuwa ya zo daga ƙarshe, gwargwadon buƙata kawai.

Bari a bi sarƙar daga tushe. V8 ɗin da ake magana a kansa shi ne irin wanda kamfanin Chevrolet ya fitar a 1955 ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, mai lita 4.3, wanda har yau jikokinsa ne suka cika filayen tsere na Amurka. Kamshaf ɗinsa guda ɗaya ne tak, a kwance cikin bulok tsakanin layukan silinda biyu. Tozon kamshaf ya ɗaga tafet, tafet ya tura wata doguwar sanda sama, sandar ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen kuma ya danna bawul ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bakanike yana kwance injin babur ƙirar Honda CG125 ya ga ƙaramin wannan tsari. Ba irinsa ba ne V8 ɗin da ke cikin Toyota Tundra ko Lexus LX 570 da ke yawo a titunan Kano da Abuja, domin wancan kamshaf huɗu gare shi a saman silinda, kuma ƙarfinsa yana kai ƙololuwa tun a juyi 5,600. Abin lura a sarƙar nan shi ne kamshaf turawa kawai ya iya, ba ya jawowa. Tun daga tsakiyar hanyar buɗewa, ba abin da ke rage wa bawul gudu, ya tsayar da shi, ya dawo da shi, sai sifirin. Kuma ba bawul kaɗai yake dawowa da shi ba. Roka da sandar turi da tafet duk shi ke matsa su baya don kada su rabu da tozo.

Ƙarfin da wannan aiki ke ci ba ya hawa daidai da juyin inji, yana hawa ne da juyin an ninka shi da kansa. Injin da aka ɗaga daga juyi 6,000 zuwa 8,500 bai ƙara ko rabin gudunsa ba, amma wahalar da ke kan kayan bawul ta ninka biyu. A juyi 9,000 ta zama ninki biyu da kwata. Lissafi na sama-sama ma ya isa ya nuna girman abin. Bawul ɗin da zai buɗe milimita 15 ya rufe cikin ƙasa da kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, ko da motsin nasa mai laushi ne ƙwarai, a daidai wurin juyowa yana jan sifirin da ƙarfin da ya doshi nauyinsa sau 900. Bawul mai giram 100 ya zama tamkar kilo 90 ke nan. A ɗora masa hular da ke riƙe sifirin, da kotocin da ke ɗaure hular a ƙafar bawul, da kamar sulusin nauyin sifirin ɗin kansa, da rabon roka da sanda, sai jimla ta doshi giram 200, nauyin kuma ya doshi kilo 180. Daga nan ake gane darajar giram ɗaya: duk giram ɗin da aka cire daga bawul ya sauke wa sifirin kusan kilo guda.

In sifirin ya gaza, abu biyu ke faruwa. Na farko bawul ya yi shawagi, wato ya zarce inda tozo ya kai shi, sarƙar ta rabu, tafet ya tashi daga kan tozo sannan ya faɗo masa da ƙarfi a gaba. Na biyu, wanda ya fi ɓarna, bawul ya sauko da gudun da ya wuce kima, ya daki mazauninsa ya yi tsalle, ya sake buɗewa a lokacin da ya kamata a ce yana rufe ruf. Idan bawul ɗin shan iska ne, fistan na hawowa yana matse iska da mai, sai wani kaso ya zurare ta wannan kafar, ƙarfin inji ya faɗi nan take. Idan na fitar da hayaƙi ne ya makara wajen rufewa, fistan na biye da shi a baya, kuma tazarar da masu haɗa inji suka saba bari tsakaninsu ba ta wuce milimita biyu da rabi ba. Dukan da ake ta yi wa mazauni yana gajiyar da wuyan bawul har wata rana kansa ya ɓalle ya faɗa cikin silinda. Daga nan sai a yi lissafin fistan da kan silinda, wani lokaci har da bulok.

Mai ja da ra'ayina zai ce, to ai magani a fili yake, kuma shi ne mafi araha: a sa sifirin mai ƙarfi. Saitin sifirin ba ya kai kuɗin saitin bawul masu tsada, kuma ana iya canza shi ba tare da an sauke inji ba. Gaskiya ne, kuma akwai injunan da sifirinsu ya yi rauni da gaske, waɗanda canjin ya wadatar da su. Amma ƙarfin sifirin ba a bawul yake tsayawa ba. Roka tana ninka shi kafin ya isa ga sanda. A tsohuwar ƙirar Chevrolet, idan sanda ta motsa milimita ɗaya bawul yana motsa ɗaya da rabi, a jerin injunan LS kuwa da suka fara fitowa a 1997, yana motsa 1.7. Abin da aka samu a tafiya, shi ake biya da ƙarfi: sifirin da ke danna kilo 300 idan bawul ya buɗe, sanda tana ɗaukar kilo 510, kuma wannan kafin a sa nauyin gudu a lissafi. Duk wannan yana sauka kan tafet da tozo da ƙusar da ke riƙe roka. Sanda ta ƙara lanƙwashewa, ƙusa ta ƙara sunkuyawa, kamshaf ya ƙara murɗewa, ga shi kuma sifirin mai ƙarfi yawanci ya fi kauri da nauyi, don haka wani ɓangare na ƙarfin nasa kansa yake ɗauka da shi. Sau da yawa lanƙwasar nan ce tun asali ta jawo tsallen, sai ya zama an yi gyaran gangar Auzinawa.

Shi ya sa na ce a fara da bawul, musamman na shan iska, tunda shi ya fi faɗi da nauyi. Taitaniyam ya fi ƙarfe rashin nauyi da kimanin kashi 40 cikin ɗari, kuma da shi ake yin bawul ɗin kusan duk wani V8 na tsere mai daraja. Lokacin da General Motors ya so injinsa LS7 mai lita 7 ya kai juyi 7,000 a motar Corvette Z06 ta 2006, wadda za a sayar wa kowa da garanti, bai nemi mafita a sifirin ba. Ya yi bawul ɗin shan iska mai faɗin milimita 56 da taitaniyam, nauyinsa bai kai giram 80 ba, alhali da a ce da ƙarfe aka yi shi, da ya haura giram 120. Na fitar da hayaƙi kuma ya rarake ƙafarsa ya zuba sodiyam a ciki. Wannan dabarar ta girmi tseren motoci na zamani, domin injiniya Sam Heron ne ya inganta ta don injunan jirgin sama a shekarun 1920, kuma tana cikin injin Wright J-5 da ya ɗauki Charles Lindbergh daga New York zuwa Paris a 1927. Sodiyam yana narkewa a digiri 98, kan bawul ɗin hayaƙi kuwa yana kai digiri 700 zuwa 800, saboda haka da inji ya yi zafi sai ya zama ruwa yana kai da kawo cikin ƙafar, yana kwasar zafi daga kai zuwa kuben da ƙafar ke zirga-zirga a ciki. Riba biyu ke nan, ga sanyi ga rashin nauyi. Hular sifirin ma a wannan lissafin take, don ita ma duk tafiyar da bawul ya yi sai ta yi.

Za a ce taitaniyam yana da tsada kuma yana da tsirfa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ba ya son gogayya da wani ƙarfe, don haka sai an yi wa ƙafarsa rufi na musamman, an sa masa ƙaramar hula mai tauri a ƙarshen da roka ke dannawa, an kuma yi masa mazauni na gaurayen tagulla maimakon baƙin ƙarfe. In aka goge fuskarsa da dutse kamar yadda ake yi wa bawul na gama-gari, rufin ya tafi, bawul ɗin ya fara cinyewa. Amma wannan hujja ce a kan taitaniyam, ba a kan rage nauyi ba. Akwai bawul na ƙarfen da ba ya tsatsa mai rarakakkiyar ƙafa, akwai mai siririyar ƙafa ta milimita 8 ko 7 a madadin tsohuwar mai milimita 8.7, akwai kuma hular sifirin ta ƙarfe mai tauri da ake yi wa sassaƙa har ta kusa kamo ta taitaniyam a rashin nauyi, ta kuma fi ta daɗewa a motar hawa. Ko girman bawul ɗin kansa abin tambaya ne. Da yawa suna cusa mafi faɗin da kan silinda zai ɗauka, alhali hanyar iskar da ke bayansa ba za ta iya ciyar da shi ba, sun sayi nauyi ba su sayi iska ba.

A gefen sanda kuwa hukuncin ya juya, kuma nan ne aka daɗe ana kuskure. Shekaru da dama masu tsere suna neman sandar turi mafi sirantaka, bisa tunanin cewa duk abin da ke motsi gara ya yi sauƙi. Abin da ya rusa wannan tunani wata na'ura ce mai suna Spintron, wadda Bob Fox na kamfanin Trend Performance a jihar Michigan ya ƙera a farkon shekarun 1990, tare da haɗin kan Randy Dorton na ƙungiyar tsere ta Hendrick Motorsports. Injin lantarki ne ke juya kamshaf a cikin bulok ɗin da aka cire wa fistan, hasken leza kuma yana bin kan bawul yana rubuta ainihin tafiyarsa. Da aka ɗora wannan rubutun kan zanen tozo, sai aka ga bawul ba ya bin abin da aka zana masa. A farkon buɗewa sanda tana lanƙwashewa kamar baka da aka ɗana, bawul ya makara, sannan ta miƙe ta harba shi ya wuce inda aka nufa. Lissafin roka ya bayyana dalilin da ya sa kauri ya fi riba. Abin da ke gefen sanda tafiyarsa gajera ce, don haka sifirin yana jin nauyinsa ne bayan an raba shi da ninkin rokar sau biyu, wato da 1.7 sau 1.7, kusan uku ke nan. A ɗauki sanda mai kaurin milimita 7.9 a musanya ta da mai 9.5, bangonsu ɗaya. Nauyi zai ƙaru da kamar giram 15, wanda sifirin zai ji tamkar giram 5, amma ƙin lanƙwashewarta ya kusa ninkawa biyu. Ban san wani ciniki a cikin inji da ya kai wannan araha ba. Abin da ya sa ke nan injunan tsere na yau ke ɗauke da sanduna masu milimita 11 zuwa 14, har ana sassaƙe kan silinda don a sama musu hanya.

Wannan hukunci ya hau kan roka da kamshaf. Rokar 1955 fallen ƙarfe ce da aka buga, tana lilo a kan ƙusa guda, dabara mai araha da ta yi wa miliyoyin motoci hidima, amma ƙusa guda tana sunkuyawa in nauyi ya yi yawa. A juyi mai yawa ana komawa ga rokar da ke juyawa kan gatari mai kauri da aka ɗaure a kan silinda, irin wadda kamfanonin Jesel da T&D suka yi suna da ita. Kamshaf ma kauri ake nema masa. Na tsohuwar ƙirar wuyansa milimita 47 da ɗoriya ne, na LS 55, na manyan injunan tsere 60 ko fiye.

Maganar tafet ta fi rikitarwa, domin tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗa su. Ta farko, mai shafaffen gindi ko mai taya? Tafet mai shafaffen gindi faɗinsa ne ke yanke saurin da tozo zai iya ɗaga shi, in aka wuce haka gefensa ya tono tozon. Na Chevrolet milimita 21.4 ne, na Ford 22.2, na Chrysler 23, kuma wannan 'yar tazarar ta isa ta sa masu tsere gardama shekara da shekaru. Gasar NASCAR ta tilasta wa manyan motocinta amfani da irin wannan tafet har zuwa 2015, duk da haka injunansu masu lita 5.8 suna wuce juyi 9,000, ta hanyar roka mai ninki fiye da biyu da ƙarafa masu tsadar gaske. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa, bai nuna ya dace da wanda doka ba ta ɗaure shi ba. Ga kuma matsalar baƙin mai: tun wajen 2004 aka rage sinadarin zink da fosfarus a man motocin hawa don kare na'urar tace hayaƙi, alhali su ne ke hana shafaffen tafet cinye tozo. Wanda ke da zaɓi ya ɗauki mai taya. Tambaya ta biyu, mai aiki da mai ko sandararre? Tafet mai aiki da mai yana da ɗan fistan a cikinsa da ke cike tazara da kansa, ba ƙara, ba saiti. Sai dai man da ke ciki, musamman in ya haɗu da kumfa, yana matsuwa, ya zama wani abu mai laushi a tsakiyar sarƙar da muke ta ƙoƙarin taurarawa. In kuma sarƙar ta rabu ko sau ɗaya, sai ya cika da mai ya hana bawul rufewa. Masu kyau daga cikinsu, waɗanda aka taƙaita wa tafiya, suna kai juyi 7,000 zuwa 7,500 lafiya lau idan bawul ba shi da nauyi. Daga 8,000 zuwa sama sandararre ne amsa, kuma mai shi ya yarda zai riƙa buɗe murfi yana auna tazara da geji.

Sai yanzu aka zo kan kamshaf, wanda da shi mutane ke farawa. Masu sayarwa lambobi biyu suke tallatawa, tsawon buɗewa da daɗewarta, amma tozo biyu na iya yin daidai a waɗannan lambobi su sha bamban a hali. Ɗaya yana fizgar bawul daga mazauni ya kuma jefar da shi, ɗaya yana ɗaga shi a hankali ya sauke shi a hankali. A takarda mai fizgar ya fi, don ya fi barin bawul a buɗe sosai, kuma a juyi 6,000 zai iya nuna ƙarin ƙarfi a na'urar awo. A 8,000 kuwa bawul ba zanen takarda yake bi ba, don haka tozo mai laushi da aka bi sau da ƙafa ya fi mai tsauri da aka bi rabi da rabi. Manyan masu sassaƙa kamshaf irin su Comp Cams suna ware tozayensu iyali-iyali, wasu don juyi mai yawa da tsere mai nisa, wasu don gajeren tsere, kuma tambayoyin da ƙwararrensu zai fara yi wa mai saye su ne nawa bawul ɗinka ke aunawa, wace roka gare ka, juyi nawa kake nema, na tsawon wane lokaci. Wanda ya riga ya sayi kamshaf kafin ya san amsoshin nan ya ɗaure kansa.

Sifirin da za a zaɓa a ƙarshe ba a ƙarfi kaɗai ake auna shi ba. Shi ma abu ne mai nauyi da ke da irin tasa rawar. Idan bugun tozo ya yi daidai da wannan rawar, sai zagayen wayar su riƙa kaɗawa sama da ƙasa su kaɗai, ƙarfin da ke isa ga bawul ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, har a sami sifirin da ya isa a lissafi amma ya saki bawul a wani juyi na musamman. Hanyoyin kashe rawar sanannu ne. Ana sa sifirin biyu ko uku, wani cikin wani, suna ɗan gogar juna. Ana yin wanda ya tsuke daga sama, irin wanda injunan LS suka zo da shi daga masana'anta, wanda zagayensa ba su da faɗi ɗaya balle su yi rawa ɗaya, ga shi kuma hularsa ƙarama ce. Ana kuma ɗaura shi yadda in bawul ya gama buɗewa saura kamar milimita ɗaya da rabi zagayen su haɗe, domin kusantar haɗewar tana kwantar da kaɗawar. Wannan na buƙatar a auna tsayin kowane ɗaya daga cikin goma sha shidan, a daidaita da wasa, aikin da ba ya cin kuɗi sai haƙuri. Zafi ma abokin gaba ne, don waya mai lanƙwashewa sau 67 a daƙiƙa tana yin zafi da kanta, kuma baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya ta. Shi ya sa injunan tsere mai nisa ke da 'yan bututu masu fesa wa sifirin mai.

Wani zai kawo hujja da motocin Pro Stock na hukumar NHRA: injin lita 8.2, bawul na buɗewa fiye da milimita 25, sifirin na danna sama da kilo 450, juyi kuma 10,500, iyakar da hukumar ta sa tun 2016. Ashe ba ga ƙarfin sifirin yana aiki ba? Yana aiki, na daƙiƙa shida da rabi a tseren mita 402, kuma da motar ta dawo rumfa makanikai ke buɗe murfi su auna kowane sifirin su jefar da wanda ya sassauta. Su ma ba su kai ga wannan sifirin ba sai da suka gama da taitaniyam da sanduna masu kaurin yatsa. Injin NASCAR da zai yi tseren mil 600 a Charlotte juyinsa bai kai haka ba, tozonsa ya fi laushi, sifirinsa ya fi sauƙi. Motar da za a hau a titi kuwa tana da wata matsalar da waɗannan biyun ba su da ita, wato tsayawa a cunkoso inji na juyawa a hankali, mai kaɗan ne ke fantsama kan tayar tafet, ga sifirin mai ƙarfi na danne ƙananan alluran da ke cikinta. Da yawa daga tafet masu taya da suka watse a titi zaman jira ne ya kashe su.

Hujja mafi nauyi a kaina ita ce ta wanda zai ce duk wannan wahalar ta kare tsohon tsari ce, a mai da kamshaf saman silinda a huta. Tarihi na goyon bayansa. Injin Cosworth DFV da Keith Duckworth ya zana, V8 mai lita 3 da kamshaf huɗu da ƙananan bawul huɗu a kowace silinda, ya ci tserensa na farko a Zandvoort ta ƙasar Holan a 1967 yana juyi 9,000, a zamanin da V8 mai sanda ke fama da 7,000. Renault ta kawo sifirin na iska a gasar Formula 1 a 1986, kuma da shi V8 ɗin Cosworth na 2006 ya taɓa juyi 20,000. Chevrolet da kansa, da ya so Corvette Z06 ta 2023 ta kai 8,600, ya ajiye sanda ya ƙera LT6 mai lita 5.5 da kamshaf huɗu. Na yarda da duk wannan, amma a duba abin da waɗannan injuna suka yi: ƙananan bawul marasa nauyi, gajeriyar sarƙa mai tauri, kuma a LT6 har tafet mai aiki da mai aka cire aka koma saitin tazara da wasa. Hanyar da nake kira a bi ce suka bi har ƙarshenta. Mai haɗa V8 mai sanda yana da dalilansa na zama inda yake, ko dokar gasa, ko ƙanƙantar injin da ke shiga inda mai kamshaf huɗu ba zai shiga ba, ko arahar kayan gyara da suka cika kasuwar Amurka.

Saura mai cewa shi ba shi da Spintron, ta yaya zai san bawul ɗinsa na bin tozo? Injin da kansa yana ba da shaida. A na'urar awo, ƙarfin da ke sauka a hankali bayan ƙololuwa alamar iska ce ta gaza, wanda ya faɗi kwatsam kuwa alamar bawul ne ya ƙwace. Tazarar da ke canzawa duk lokacin da aka auna, kotocin da suka bar sawu a ƙafar bawul, gindin hular da ya yi ƙyalli saboda gogayya, sifirin da ya rasa kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa bayan ɗan aiki, duk suna faɗin abu ɗaya tun kafin kan bawul ya ɓalle. Kuma kamfanonin da ke da na'urar sun riga sun gwada haɗe-haɗe da yawa, don haka sayen tozo da sifirin da hula da aka gwada tare ya fi tsinto kowanne daga shago daban. Mai karatu da ke shirin irin wannan aiki, ka sa bawul ɗinka a sikeli kafin ka kira mai kamshaf. In kuɗinka bai kai na bawul mara nauyi da sanda mai kauri da roka mai gatari ba, ka sauke burinka zuwa juyi 7,000, ka sayi kamshaf ɗin da ya dace da hakan.